Kafin Ka Miƙa Hannu A Ɗebi Jininka

Yau a Kazaure ko Roni, in aka ce wa saurayi ya kawo takardar gwajin jini kafin a sa rana, ba ya ɗaukar abin cin fuska. A da kuwa magana ce da kan iya ɓata zumunci. Wahalar sikila ce ta sauya mutane. Gidan da aka kwana ana danna wa yaro ƙafafu yana ihu, aka sayar da akuya aka nemo jini, bayan wata biyu aka sake komawa asibiti, ba ya bukatar dogon bayani a kan AA da AS da SS. Har tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba za ka ji suna tambaya, "Ita yarinyar mene ne nata?" Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da AS. Maƙwabciyarmu Kano ma ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024, Saudiyya kuwa tun 2004.

Wannan gwajin naka ne. Kai ka je, ka biya, aka ba ka takarda, ka san matsayinka. Akwai wani abu da ya yi kama da shi a ido, sirinji ɗaya, farar riga ɗaya, amma manufarsa daban: binciken ƙwayoyin halittar gado. A nan mai binciken ne yake zuwa wurinka. Yana son jinin mutum ɗari biyar ko dubu biyar, masu ciwo da masu lafiya, ya kwatanta, ya gano abin da ya sa wata cuta ke bin wasu tana ƙyale wasu. Sau da yawa ba za a dawo maka da sakamakon kanka ba. Manyan asibitocin Kano da Zariya sun daɗe suna irin wannan aiki, kuma duk wanda ya san yadda marasa lafiyar Gwiwa da Babura ke cika motocin Kano da asuba ya san cewa maganar ta riga ta shafe mu.

Ra'ayina shi ne mutanenmu su shiga, domin rashinmu a ciki asara ce da mu za mu ɗauka. Sai dai a duk lokacin da aka zauna maganar, kukan da ake yi ɗaya ne: mutanen karkara ba sa yarda. Ni kuwa wanda ya ce "to" alhali bai san abin da ya amsa ba ya fi tayar mini da hankali a kan wanda ya ƙi.

A cikin kusan kowace ƙwayar jikin mutum akwai wani dogon saƙo da ya gada, rabi daga uwa, rabi daga uba, wanda masana ke kira DNA. Haruffa huɗu kacal ake jujjuyawa a cikinsa, amma tsawonsa ya kai haruffa biliyan 3. Bahaushe da Bature da mutumin Sin sun yi daidai a fiye da kashi 99 cikin 100 na wannan saƙo. Ɗan abin da ya rage shi ke sa wani ya yi tsayi, wani ya sha nonon shanu lafiya lau wani kuma cikinsa ya murɗa, wani magani ya karɓe shi wani ya wahalar da shi. Sikila duk da azabarta harafi ɗaya ne ya sauya. Abin da ake ɗiba don karanta wannan saƙo bai taka kara ya karya ba: jini kamar cokalin shayi biyu zuwa huɗu, a jikin da ke ɗauke da kusan lita 5, wani lokacin ma yawu kawai. Za a auna hawan jini da nauyi, a yi tambayoyi a kan ci da sha da cututtukan dangi, a liƙa lamba a jikin kwalbar maimakon suna, a sa a firiza. Jiki yana mayar da abin da aka ɗiba ba tare da mutum ya ji komai ba. Tsoron "za su ƙarar mini da jini" ba shi da tushe. Tsoron da ke da tushe yana wani wuri daban.

An kammala karanta saƙon halittar ɗan Adam a 2003, daga nan aka shiga tseren gano alaƙarsa da cututtuka. Wani nazari da masanin Najeriya Segun Fatumo da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya nuna cewa kimanin kashi 86 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken nan a kansu Turawa ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi 1 ne da ɗan ɗori. Ga shi kuma Afirka ce ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado. A 2020 masu binciken shirin H3Africa sun karanta saƙon mutum 426 kacal daga ƙabilu 50 na nahiyar, suka tarar da sauye-sauye fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Ko a cikin Najeriya rabon bai yi daidai ba. Shekara da shekaru, in masanin Amurka ko Ingila ya ce ya duba "ɗan Afirka", yawanci samfurin Yarabawa 90 ne da aka ɗiba a Ibadan a farkon shekarun 2000 yake nufi. Mutumin Roni ba ya ciki, Bafulatanin dajin Babura ba ya ciki, amma magani da ma'aunin da aka gina a kan wannan ilimi su za a kawo mana.

Kada a ɗauka maganar ta manyan ɗakunan gwaje-gwaje ce kawai. Ga ta nan a ɗakin mai jego. An wanke kayan jariri tun ciki na wata takwas, an ninke a akwati, an watsa kafur don kada kyankyaso ya shiga. Yaro ya zo lafiya, aka naɗe shi a cikinsu. Kwana uku idonsa ya yi ɗorawa, tafin ƙafarsa ma haka, ya rage tsotso. Kaka ta duba ta ce shawara ce, kowane jariri na yi, a fitar da shi hantsi. Alhali kusan namiji ɗaya cikin shida a Najeriya ya gaji ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma ta wajen uwa ɗa namiji ke gadonsa. Ga irin wannan yaro, ƙamshin kafur kaɗai kan fasa masa jini, shawarar ta yi tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa, ya tashi kurma ko da shanyayyen jiki. Wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta ma suna yi wa manya masu wannan gado illa. Ba a san haka ba sai da wasu mutane, a wasu ƙasashe, suka yarda aka binciki jininsu.

Akwai kuma tambayar da babu wanda zai amsa mana ita sai matanmu. Ciwon zuciyar da ke kama mace a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara, ta kasa kwanciya sai a jingine, ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Binciken asibitoci a Sakkwato da Kano ya nuna kusan haihuwa ɗaya cikin 100, a Amurka kuwa ɗaya ce cikin dubbai. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun ɗora laifin a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, aka daɗe ana koyar da haka a makarantun likitanci. Daga baya aikin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokansa ya sa shakku a wannan bayani, ya karkata ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam. A 2016 kuma wani bincike a kan mata 172 daga Amurka da Jamus da Japan ya gano cewa kashi 15 cikin 100 na masu ciwon suna da gadon wani lahani a ƙwayoyin da ke gina tsokar zuciya. To a wurinmu fa, nawa ne na gado, nawa ne na abinci, nawa ne na al'ada? Matan Jamus ba za su amsa wannan ba. In gado na da hannu sosai, ke nan ƙanwar mai ciwon da 'yarta na bukatar a sa musu ido tun cikin fari. In ba shi da hannu, a daina tsorata dangi, a mayar da hankali kan tukunya.

Haka zancen ƙoda. A 2010 aka gano wasu sauye-sauye a ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda ke kare mutum daga wani nau'in ciwon barci amma suna ƙara haɗarin lalacewar ƙoda. Binciken da aka yi a kan mutum fiye da 8,000 a Najeriya da Gana, wanda ya fito a 2024, ya tarar kusan kashi 30 cikin 100 nasu sun gaje shi ta uwa da uba. Amma yawansa ya bambanta daga ƙabila zuwa ƙabila, don haka ba za a ɗauki sakamakon Inugu a yanke hukunci a kan Haɗeja da Gashuwa ba, inda ciwon ƙoda ya addabi jama'a, ana zargin ruwa, ana zargin maganin feshi, ana zargin zafin rana da yawan shan maganin ciwon jiki. Shanyewar ɓarin jiki ma an yi mata babban bincike mai suna SIREN a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya. Kowane majinyaci sai da aka nemo masa lafiyayyen mutum sa'ansa, jinsinsa, ƙabilarsa, aka kwatanta. Wannan shi ne dalilin da zai sa a zo unguwa a nemi jinin mutumin da ko ciwon kai ba ya yi, abin da kan sa jama'a zargi. Sakamakon 2018 ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba, kuma masu yawan cin ganye sun fi tsira. Masu zogale da rama da yakuwa a bayan gida sai su ƙara himma.

To me ya sa mutane ke ja da baya? Masu cewa jahilci ne ba su yi adalci ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya, yawancinsu a Arewa. Ana tsakiyar wannan bala'i kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara 200, kusan rabi aka ba su shi, sauran aka ba su wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da dama sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Jaridar Washington Post ce ta tona zancen a 2000, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar izinin da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama aikin. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi shafar maganarmu. Da aka zo rabon diyya, mutum fiye da 500 suka fito, alhali yara 200 ne. Sai aka ce a ɗauki yawun masu nema a gwada DNA ɗinsu da samfuran da aka ɗiba a jikin yaran tun 1996. Wasu iyalai suka ƙi, suna ganin dabara ce ta hana su haƙƙinsu. A Agustan 2011 aka fara biyan iyalai huɗu dala 175,000 kowanne. Ke nan karon farko da dubban mutanen ƙasar nan suka ji sunan gwajin DNA, sun ji shi ne a matsayin shingen da aka gitta tsakanin talaka da diyyarsa. Sun kuma koyi wani abu na gaskiya: ɗigon da aka ɗiba a jikin yaro kan zauna shekara 15 a hannun wasu, kuma yana iya nuna waye ubansa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ƙin allurar shan inna na 2003 da 2004 ya sha ruwa daga wannan rijiya, kuma kowa ya san abin da ya jawo: cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, yaranmu suka shanye. Sai da aka kawo allura daga Indunusiya Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004, sai kuma da sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi suka shiga aikin gadan-gadan kafin a kai ga ayyana Afirka ta rabu da cutar a Agustan 2020. Ƙari a kan wannan, mun taso a al'adar da ke binne gashi da farce, ake ɓoye mabiyya, ake tsoron a ɗebi sawun mutum. Wanda ya zo neman jini a kwalba ya tafi da shi inda ba a sani ba, ba zai ce bai san abin da zai zo zuciyar mutane ba. Wajibinsa ne ya amsa tambayar ba tare da dariya ba.

Ga ɗaya fuskar, wadda ba a cika faɗa ba. Dattijo ya zo asibiti da hawan jini, ya yi layi tun safe. Wani matashi mai farar riga ya ja shi gefe da takarda shafi huɗu ta Turanci.

"Baba, za mu ɗan ɗebi jininka ne a duba lafiyarka, kyauta ne."

"To ɗana, ai ku ne masana. Allah ya yi albarka."

Aka kama babban yatsansa aka dangwala. A rahoto za a rubuta cewa ya amince. Baba kuwa ya koma gida yana jiran sakamako da magani, bai san cewa bincike ya shiga ba, bai san jinin zai kwana a Abuja ko ya ƙetare teku ba, bai san yana da ikon cewa a'a kuma a duba shi kamar kowa ba. Kunya ce da girmama likita da fatan samun sauƙi suka dangwala, shi bai dangwala ba. In wata shida suka wuce bai ji komai ba, zai gaya wa majalisarsu cewa an yaudare shi, kuma mai binciken da zai zo baɗi, ko da na kirki ne, shi zai biya bashin. Yawancin ƙin da ake kuka da shi daga irin wannan "to" ɗin aka haife shi.

Ta wajen mata abin ya fi sarƙaƙiya. Mace za ta ce, "Sai na tambayi maigida," kuma wannan daidai ne, a ba ta lokaci ta je ta dawo. Amma yardar maigida ba ta maye gurbin tata. Haka ma izinin mai unguwa da dagaci da hakimi. Ba wanda zai yi aiki a ƙasar nan bai bi ta fada ba, kuma mai binciken da ya san hannunsa ya san cewa Kazaure da Roni da Gwiwa na ƙarƙashin masarautar Kazaure, Babura kuwa ta Ringim ce, gaisuwa biyu ke gabansa. Sai dai izinin sarauta buɗe ƙofar gari ne kawai. In sanarwa ta fito da sigar "Hakimi ya ce kowa ya fito," talaka ba zai iya ƙi ba, kuma yardar da ba a iya ƙin ta ba yarda ba ce. Iyayen ƙasa su ne ya kamata su fara faɗa da bakinsu cewa wanda ba ya so ya yi zamansa, babu laifi.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne jinin gado ba na mutum ɗaya ba ne. In aka karanta naka, an karanta rabin na ɗanka, an leƙa na 'yan'uwanka da ba a tambaye su ba. A garin da auren zumunci ya yi yawa kuma kowa ya san kowa, kalma ɗaya ta fita cewa gidan su wane "suna da abu a jini" ta isa ta hana 'yan matan gidan miji. Binciken da ya haɗa uba da uwa da ɗa yana iya bankaɗo abin da ba a je nema ba game da nasaba. Malaman fiƙihu sun hango wannan: majalisarsu ta Makka ta yanke a 2002 cewa ba a amfani da gwajin DNA don rushe nasabar da shari'a ta tabbatar, kuma manyan majalisun fiƙihu sun halatta binciken ƙwayoyin gado don magani bisa sharaɗin yarda da rufin asiri. Saudiyya da Ƙatar duk suna da manyan shirye-shiryen karanta ƙwayoyin gadon 'yan ƙasarsu. Mai cewa addini ya hana bai faɗi daidai ba, mai cewa babu abin tsoro shi ma haka.

Akwai kuma zancen asali, wanda mu ba ma wasa da shi. Ƙabilar Havasupai ta jihar Arizona a Amurka ta ba da jini a 1990 don a binciki ciwon suga da ya dame su. Daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da auren dangi da kuma inda kakanninsu suka fito, abin da ya saɓa wa tarihin da suka gada. Sai 2010 jami'ar da ta ɗebi jinin ta biya su dala 700,000 ta mayar musu da jininsu. A ƙasar da gidaje ke riƙe da tarihin zuwan kakanninsu daga Gabas ko daga Futa, mutum ya cancanci a tambaye shi tun farko ko ya yarda a taɓa wannan fanni. A nan gida ma, kamfanin 54gene da aka kafa a 2019 da burin tattara samfuran 'yan Najeriya 100,000 ya durƙushe a 2023, makomar abin da ya tara har ta kai gaban kotu. Kamfani na mutuwa, tallafi na ƙarewa, firiza kuwa tana nan da abin da ke cikinta.

Doka ba ta bar mu hannu rabbana ba, sanin ta ne ya yi ƙaranci. Tun 2007 Najeriya na da kundin ɗa'ar binciken lafiya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rubutacciyar yarda bayan an yi wa mutum bayani, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan ƙwayoyin gado cikin masu bukatar kariya ta musamman. Ba a fara bincike sai kwamitin ɗa'a ya amince, ba a fitar da samfuri waje sai da rubutacciyar yarjejeniya. Saboda haka in aka zo maka, ka nemi a karanta maka takardar da Hausa, a gaban wanda ka yarda da shi, ɗanka ɗan makaranta ko limamin unguwa. Ka tambayi wace jami'a ko asibiti ce ke da aikin, wace cuta ake nema, ina za a ajiye jinin, shekara nawa, wa zai iya taɓa shi, za a yi wani binciken daban da shi nan gaba ko kuwa. In an ga wani abu mai haɗari a jikina, za a gaya mini? In na fasa bayan shekara, wa zan kira a zubar da nawa? Mai gaskiya ba ya gajiya da waɗannan tambayoyi, ya ma fi son mai yin su. Wanda ya fara duba agogo yana cewa mota na jira, ka bar shi ya tafi. Kuɗin mota da ake bayarwa kuwa na wahalar zuwa ne. In ya yi yawan da zai rufe maka baki, wannan ma abin lura ne.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta riba, kuma ban ga amfanin a yi wa mutane romon baka ba. Wanda ya ba da jini yau da wuya shi ya ci moriyar, sai dai jikokinsa. Wani lokacin ma moriyar kan tsallake mu gaba ɗaya. A 2008 bincike a kan mutanen tsibirin Sardiniya na Italiya da baƙaƙen fata masu sikila ya gano ƙwayar gadon da ke kashe jinin jarirantaka, wanda in ya ci gaba da aiki yake sassauta cutar. A kan wannan aka gina maganin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Babu uban yaro a Gwiwa da zai ji wannan adadi bai yi murmushin takaici ba.

Amma ga wani misali daga Kano. Yaran da ke da sikila na fuskantar shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana, kuma hanyar da Turawa ke bi, ƙarin jini duk wata, ba mai yiwuwa ba ce a nan. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Barau Dikko na Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yara da na'urar ɗaukar hoto, suka ware masu haɗari, iyayen yara 220 suka yarda aka gwada maganin haidiroksiyuriya kaɗan da matsakaici. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ɗan kaɗan ɗin ma yana karewa, kuma ƙwaya ce mai araha da ake iya samu a nan. Tambayar tamu ce, likitocin namu ne, amsar kuma ta zauna a gida. Garin da aka yi Trovan shi ne garin da aka yi wannan, iyayen ma kusan irin ɗaya ne. Yadda aka bi da su ne ya bambanta.

Irin wannan ya kamata shugabannin yankinmu su riƙa nema kafin su buɗe ƙofa: cutar da za a bincika ta zama wadda ke damunmu, a ɗauki 'ya'yanmu aiki a koya musu, wanda aka tarar da hawan jini ko suga a haɗa shi da asibiti nan take, in an gama kuma a dawo ƙofar fada a faɗa wa jama'a da Hausa abin da aka gano, ko da abin da aka gano shi ne ba a gano komai ba. Yanzu da Babura ke da jami'ar fasaha ta tarayya tun 2021, ga kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure, ba mu da uzurin zama masu miƙa hannu kawai. Ma'aikatar lafiya ta jiharmu da ke Dutse kuma babu abin da zai hana ta riƙa sanar da sunayen binciken da ta amince da su a rediyo, yadda mai unguwa a Roni zai iya bambance baƙon da ke da izini da wanda ba shi da shi. Kafin a kai ga haka, a jikin kowace takardar amincewa ta gaskiya akwai suna da lambar wayar kwamitin da ya ba da izini. A kira lambar kafin a dangwala, kuma a karɓi kwafin takardar a tafi da shi gida.